Amaryar da Za a Kai Ikko

A mashigin gulbi suka haɗu, ƙasan Gusau, ranar kasuwa, a shekarun da layin dogo bai iso Zamfara ba tukuna. Jatau ya sauko daga Tsafe da jakunansa huɗu zai shayar da su. Saude kuwa ta taho daga Bunguɗu rakiyar gwaggonta Luba mai sayar da zare, ta tsaya wanke ƙafa.

A cikin jakunan akwai wani fari mai karyayyen kunne, wanda ba ya shan ruwa sai an yi masa fito. Jatau ya yi fito, jaki ya sunkuya ya sha, Saude ta yi dariya har mayafinta ya zame.

Ba ta tambayi sunansa ba. Cewa ta yi, tunda shi matafiyi ne, ya faɗa mata inda ruwan nan yake zuwa. Ya ce Sakkwato. Ta ce daga nan fa? Ya ce kogin Kwara. Daga nan fa? Ya sosa ƙeya, ya ce fataken goro da yake haɗuwa da su a tashar Zariya sun ce akwai wani ruwa a Ikko, teku, ba shi da tsallake, ga gishiri a cikinsa ba wanda ya zuba.

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba."

"Ashe kai ma ɗan gida ne kamata."

Maganar nan ta bi shi har Tsafe, ta hana shi sakat. Ba a yi kasuwa uku ba aka fara ganin jakin nan mai karyayyen kunne ɗaure a ƙofar gidan Malam Labbo marini, mahaifin Saude. Ya sa mata suna 'Yar Gulbi, ita kuma tana kiransa Mai Fito.

Sauran samari idan sun je zance, maganar zane da turare suke yi. Su kuwa hanya suke zanawa a ƙasa da tsinke. Kwana shida a jaki zuwa Zariya, sai jirgin ƙasa, abin nan da ke cin gawayi yana shan ruwa kamar raƙumi. Sai Ikko, tsohon gari mai soraye bisa soraye, inda aka ce fitila na ci ba mai. Jatau ya yi mata alkawari, da an ɗaura aure zai kai ta, su biyu, ta tsaya a bakin teku.

Da labari ya kai kunnen Malam Labbo, sai ya tsame hannu daga rini ya ce a kira masa yaron. Ya ce shi bai ƙi Jatau ba, amma tun kaka da kakanni amarya ɗakinta take zama har ta shekara, ɗiyarsa ba buhun gyaɗa ba ce da za a ɗora wa jaki.

"Ina za ta kwana? Ina za ta yi salla? Wa zai ba ta ruwa a ƙasar da ba a jin Hausa? Bar wagga magana. In da gaske kake, ka kawo gayya gonata ran noman farko, kamar kowane mai nema."

Kowa ya san tambayoyin tsoho ba amsa suke nema ba, rufe ƙofa ne. Jatau shi kaɗai ya ɗauka amsa ake so. Ya lissafa a ransa, akwai kwana talatin kafin noman farko, zuwa da dawowa ba za su wuce ashirin ba. Ya bar jakunansa wajen wani abokinsa a Zariya. Tun kafin ya bar Bunguɗu ya ba Gwaggo Luba takarda, rubutun ajami mai karkata kamar sawun kaza:

"'Yar Gulbi, na tafi in auno miki hanya. Kada ki ji tsoro. Zan dawo kafin gero ya rufe kaza. Naki, Mai Fito."

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne halinsa. Duk tashar da jirgi ya tsaya, sai ya sauka ya je neman unguwar Hausawa, ya ga ko akwai gidan da mace za ta sauka, ya ɗanɗana ruwan rijiya, ya tambayi alƙibla. Kafin ya dawo jirgi ya yi gaba. Haka ya yi a Minna, haka a Jebba, haka a Ilorin. Sai ya zauna jiran wani jirgin.

A Bunguɗu kuwa ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya rufe kaza, Jatau bai dawo ba. Saude ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗauki mazari, zare ya tsinke. Ta ajiye ta ɗauki tsintsiya, ta share inda ta share ɗazu. Ko jakin wani ya yi kuka a waje sai ta miƙe. Mata a rijiya suka ce wai an gan shi yana dako a kudu, wasu suka ce ya auri mai sayar da kifi.

Ran noman farko, Attahiru ne ya zo, ɗan wani babban manomi na nan garin, mutum mai hankali wanda ya daɗe yana sonta bai furta ba. Ya kawo samari arba'in da makaɗi, kafin azahar sun gama gonar. Malam Labbo ya tsaya a gefe yana kallon hanyar Gusau har aka watse. Daga nan ya ce Juma'a ta sama zai karɓi gaisuwar iyayen Attahiru.

Kwana biyu bayan haka wani mai goro ya kawo wa Gwaggo Luba takarda a kasuwa:

"'Yar Gulbi, ina Ibadan. Na samo miki wata tsohuwa 'yar Katsina mai tuwon dawa kamar na gida. Ruwan nan ba ya ɓata ciki. Saura kaɗan."

Saude ta karanta sau uku, ta yi kuka, ta kuma ji haushi. Ta rubuta amsa duk da ba wanda zai kai:

"Mai Fito, kana auna hanya, an auna ni an ba wani. In ka dawo ka ci tuwon tsohuwarka."

Ta naɗe ta cusa a ƙarƙashin tabarma.

Ran Laraba da hantsi ya iso, ya rame, ƙura har gira. Bai tsaya gida ba, zauren Malam Labbo ya zarce, ya durƙusa. Dattawa uku na zaune. Tsohon bai ɗaga murya ba, ya ce gayya ta wuce, magana ta wuce, mi ya kawo shi?

Jatau ya ce amsa ya kawo. Ya fara jerowa, masauki bayan masauki: sunan mai gida, sunan uwargidan da za ta karɓi baƙuwa, inda za ta yi alwala ba idon namiji, tashar da ba a sauka saboda sauro, gidan limamin Hausawa a Ikko da ɗakin da aka ce a ba amarya. Dattawa suna dariya da farko, can suka daina.

"To, tekun fa?" in ji Malam Labbo. "Yaya yake?"

"Ban gan shi ba, Baba."

Aka ce bai kai ba ke nan. Ya ce ya kai. Ruwan da ke kewaye da garin ya gani, don ba makawa sai an haye gada, amma masu masaukinsa sun ce wannan ba shi ba ne, babban yana can gaba. Sai ya roƙi wani mai goro ya raka shi. Da suka kusa ya ja rawani ya rufe fuska, aka ja shi da sanda kamar makaho. Ya ji rugugin ruwa, ya ji yashi na zamewa a ƙafarsa, ya lasa gishiri a leɓe, ya juyo.

"Na ce mata mu biyu za mu gani. In na riga ta, mi zan kai ta ta yi? Kallon abin da na gama kallo?"

Wani dattijo ya ce bai taɓa jin wauta irin wannan ba, tafiyar kwana arba'in. Malam Labbo bai yi dariya ba. Sai aka ji muryar Gwaggo Luba daga bayan zana, ashe tun ɗazu tana nan.

"Labbo, wanda ya tsare idonshi a bakin teku don ɗiyarka, mi kake tsoron zai kasa tsarewa? In don al'ada ce, ni zan bi su. Ɗakin amarya ai inda gwaggonta take. Kuma ni ma ina son in ga jirgin ga kafin in mutu."

Tsohon ya ce shi bai iya gardama da Luba ba tun suna yara. Amma ya kafa sharaɗi: Jatau zai yi maimai, noma na biyu, shi kaɗai, ba gayya ba kiɗa, kuma da ƙafarsa zai je ya ba Attahiru haƙuri. Ya yi duka biyun. Attahiru ya ji zafi, amma ya ce ba zai so matar da kunnenta ke kan hanya ba.

Saude ta yi kwana huɗu ba ta fito zance ba. A na biyar ta fito da fura, ta ajiye masa a bakin gona ba ta dube shi ba.

"Mai Fito, da ka faɗa ruwan fa, ido a rufe?"

"Da kin zo nema, kin ga teku ke nan."

Ta harare shi, dariya ta ƙwace mata.

Bayan kaka aka ɗaura aure a Bunguɗu, aka yi buki kwana bakwai. Ran na takwas da sassafe jakuna suka tsaya a ƙofar gida, amarya a kan ɗaya, Gwaggo Luba a kan wani da buta da ƙullin daddawa, tana faɗan an ɗaure kaya a karkace.

Malam Labbo ya ɗaga hannu ya yi addu'a, Allah ya kai su lafiya ya maido su lafiya, ya ba su zama na amana da zuri'a mai albarka. Aka shafa. Har sun ɗaga, sai ya biyo su da sauri, ya kama igiyar jakin ɗiyarsa, ya rage murya.

"Saude, an ce tekun shuɗi ne. Ki duba min da kyau, ko ya kai shuɗin baban da nake rini da shi."