Rigar Da Aka Ɗinke A Jikin Auta

Ina tsugune a bayan gida ina wanke tukwane wayata ta yi ƙara. Muryar namiji ce da ban sani ba, ya tambaya ko ni ce mahaifiyar yarinyar da ke aiki a shagon ɗinki. Na ce ni ce. Ya ce in zo babban asibiti, 'yata tana kwance, kuma akwai ɗan sanda a bakin ƙofarta. Da kumfar sabulu a hannuna na fita titi, har yau ban san inda na yar da takalmina ɗaya ba.

Auta muke ce mata, ko da yake ita kaɗai Allah ya ba ni. Babanta ne ya sa mata, wai tunda ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe gara a ba ta sunan da ya fi shagwaɓa. Bayan rasuwarsa yayarsa, wadda Auta ke kira Goggo, ta zo ta ɗauke ta wai za ta koya mata sana'a a babban shagonta. Sana'ar da aka koya mata ita ce guga da shara da tsintar allurai a ƙasa. 'Yar Goggo kuwa, wadda kowa ke kira Gimbiya, ita ke saka kayan ana ɗaukar ta hoto. Auta ba ta taɓa kawo mini ƙara ba. In na ga ƙunar dutsen guga a hannunta sai ta ɓoye shi a bayanta ta ce, "Umma, ai ni ce ban kula ba."

Abin da ya faru a ranar, daga bakinta na ji wani, wani kuma a kotu. Wata mujalla ce ta nemi a ɗinka riguna irin na matan da ke cikin tsofaffin zane-zanen fenti da ke rataye a bangon gidan tarihi, kowace yarinya ta saka ta tsaya kusa da zanen a ɗauke su tare. Goggo ta zaɓi zanen wata mata mai shuɗiyar riga, ƙugunta siriri kamar wuyan kwalba. Tsohon telan shagon ya duba ya ce, "Madam, wannan ƙugun na fenti ne fa. Mai zanen bai bar wa baiwar Allah wurin ajiye hanji ba."

"Wa'azi na ɗauke ka yi ko ɗinki?" in ji Goggo. "Auna zanen ka yanka."

Haka aka yi rigar, da ƙarafuna a jere a cikinta da igiyoyin ja ta baya, duwatsun ado kuwa, don nauyinsu sai da mutum biyu suka ɗauke ta. Ba a sa mata zip ba don kada ya fito a hoto, sai dai a ɗinke bayan da allura a jikin mai sakawa. Gimbiya ce ta fara gwadawa, ana jan igiya ta fashe da kuka ta ce wa uwarta za ta mutu, nan take aka cire mata. Sai idon Goggo ya faɗa kan Auta, tana gefe riƙe da jakar zare.

"Ke, ajiye wannan ki zo. Yau yunwar gidanku za ta yi rana."

Wayyo 'yata... ta ce mini farin ciki ma ta ji, don ba a taɓa zaɓen ta a komai ba. Aka saka mata, aka ja, aka ɗinke ta a ciki tun daga ƙugu har wuya. Aka tsayar da ita a ƙarƙashin manyan fitilu masu zafi, hannu ɗaya a sama kamar matar zanen, mai hoto yana ta dannawa yana cewa kada ta motsa. Da ta ji ƙirjinta ya ƙi buɗewa ta ce a hankali, "Goggo, ba na iya numfashi."

"Ita ta bangon kin ga tana numfashi? Ɗaga haɓa."

Mai hoto ya ce ƙugun bai kai na zanen ba tukuna. Goggo ta sa aka warware bayan, ta kafa mata gwiwa a gadon baya ta ja igiyoyin da dukkan ƙarfinta, aka sake ɗinkewa. Auta ta ce ta ji wani abu ya yi ƙas a gefenta, amma ta cije leɓe ta koma ta tsaya. Ba ta san lokacin da ta faɗi ba. Ta faɗa kan wani akwatin gilashi da ke gefen zanen, tsohon tulun da ke ciki ya tarwatse a ƙasa.

Da na isa asibiti Goggo na fara gani a baranda, ma'aikatan gidan tarihi da 'yan sanda kewaye da ita, tana sharar hawaye da hankici. Na ji tana cewa yarinyar ta daɗe tana shan ƙwaya, don zumunci ne kawai take rufa mata asiri. Na ce, "Yaya, 'yar ƙaninki ce fa." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Shi ya sa na riƙe ta. Da tarbiyyarki ce kaɗai ai da tuni tana bin titi." Telan yana tsaye, mai hoto yana tsaye, kowannensu ya sunkuyar da kai.

Likita ya ce haƙarƙarinta ya karye ya soki huhu, kuma an daɗe ba a kawo ta ba. Tana kwance da roba a hanci aka zo aka karanta mata tuhuma, wai ta lalata kayan tarihi cikin maye. Magana ta zaga unguwa. Matan da muke gaisawa suka fara janye 'ya'yansu in na wuce, dangin babanta ko ɗaya bai leƙo ba. Mujalla kuwa ta fito da hoton, rigar ta yi kyau, an yanke fuskar Auta daga haɓa zuwa sama, sunan Goggo a ƙasa da manyan baƙaƙe. Na riƙe takardar ina kuka, sai Auta ta kamo hannuna ta ce, "Umma, daina. Allah ai yana wurin, ya gani." Ni da ban iya doguwar addu'a ba, abu ɗaya na yi ta maimaitawa: ya Allah, ko ba ta tashi ba, kada ka bar ta da wannan suna.

Ana gab da zaman kotu mai hoto ya zo asibiti. Ya rame, ya tsaya daga bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ya ce, "Mama, Madam ta ce in goge sauran hotunan, na ce mata na goge. Ban goge ba. Kullum sai na buɗe su, ko abinci ba na iya ci." Ashe masu hoto in suna aiki ba sa ɗaga yatsa daga kyamara, tuli suke ɗauka su zaɓi ɗaya.

A kotu aka haska su a bango ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ga gwiwar Goggo a bayan 'yata. Kowa ya ga leɓenta yana baƙi daga wannan hoto zuwa wancan. Sai aka zo kan waɗanda ban san da su ba: Auta a ƙasa cikin fasassun gilashi, tela ya durƙusa da almakashi zai farka rigar, Goggo ta riƙe masa hannu ta ƙwace. Telan ya miƙe ya ce, "Cewa ta yi rigar ta fi yarinyar tsada, in warware ɗinkin da bakin allura, ɗaya bayan ɗaya. Haka na yi, ranka ya daɗe, tana kwance tana shure-shure." Goggo ta buɗe baki, alƙali ya ce ta rufe shi. Aka wanke Auta tas, aka tura Goggo gidan yari, aka garƙame shagon. Gimbiya na gani a waje tana neman wanda zai kai ta gida, duk masu yi mata fadanci sun watse.

Shugaban gidan tarihi da kansa ya zo gefen gadon Auta ya nemi gafararta. Ta yi murmushi ta ce ita ma a yafe mata tulun. Da aka sallame ta matan unguwa suka cika mana ɗaki, wasu na kuka suna kama ƙafarta. Ta ji da kunnenta an wanke sunanta, wannan kam Allah bai hana ni ba. Amma huhun bai koma daidai ba. Kwanakinta na ƙarshe ba abin da take roƙo sai, "Umma, buɗe mini taga." Ko tagar a buɗe take sai ta faɗa. Da hantsi ta cika, kanta a cinyata.

Ɗakin yana nan yadda ta bar shi. Kowace safiya, kafin in ɗora ruwa a wuta, sai na shiga na buɗe tagar har ƙarshe, in sa dutse in tare ta don kada iska ta rufe.