Birkin Mai Ƙwai

Wanda ya loda ƙwai a bayan mota ba ya wasa da birki. Shi ya sa ranar da Mai Ƙwai ya shigo garejin Baba da a-kori-kurarsa, a hankali ya shigo, hannunsa ɗaya na kan birkin hannu. Direban wata gonar kaji ne, aikinsa raba ƙwai shago-shago, har sunan ya bi shi.

Ya tambayi mai gareji, aka ce ya fita sayen kaya. Sai ga ƙafafu sun fito daga ƙarƙashin wata mota, mai su ta biyo baya: budurwa cikin rigar aiki, da baƙin mai a kumatunta. Auta ke nan, 'yar Baba. Tsakanin sufana da jak ta girma, kuma duk abin da ya shafi birki a garejin ita ake kira.

Mai Ƙwai ya ɗan manta abin da ya kawo shi. Da ya tuna, ya ce birkin ne ya yi laushi, sai ƙafarsa ta kusa taɓa ƙasa kafin ya kama. Ta ce iska ce ta shiga layin mai, kuma fitar da ita aikin mutum biyu ne: ɗaya a kan kujerar direba, ɗaya a gindin taya yana kwance ɗan notin da iskar ke fita.

"In na ce taka, ka taka. In na ce riƙe, kada ƙafarka ta motsa sai na ɗaure notin. Kana saki da wuri iska za ta koma."

"Ko gobe kika ce in kai a haka, zan kai," in ji shi.

Wanda ya leƙa ƙarƙashin motar zai ga murmushi a fuskarta. Birki ya ɗan yi ƙarfi. Da zai tafi ya roƙi lambarta, wai saboda birki. Ta ba shi, wai ita ma saboda birki.

Da yamma saƙo ya shigo: "Injiniyata, ƙwai sun isa lafiya, ko ɗaya bai fashe ba. Direban ne dai bai dawo daidai ba."

Ta amsa: "Mu motoci muke gyarawa, ba direbobi ba. Amma ka kawo shi in duba."

Haka abin ya ɗore, ga hira a waya, ga so yana kama su ba tare da sun yi gardama ba. Sai dai birkin ya ƙi jin magana. Mai Ƙwai ya dawo da shi, Auta ta bi layukan mai kaf ba ta ga yoyo ba. Ya sake dawowa, ta canja robobin tukunyar man birki, suka sake fitar da iska. Duk da haka laushin yana nan.

Akwai babban ma'aikacin Baba da ake kira Dogo, wanda ya daɗe yana ganin Auta tamkar tasa ce, magana ce kawai bai yi ba. Shi ya ja Baba gefe ya ce ai motar lafiyarta ƙalau, direban ne ke kwance notin a gida da gangan don ya sami hanyar dawowa. Baba mutum ne mai haƙuri, amma ban da kan birki. Ya kira Auta ya ce mutumin da zai lalata birki ya hau titi saboda zance, ba da ransa kaɗai yake wasa ba, kuma shi ba zai ba irin wannan 'yarsa ba. Kada ya ƙara ganin motar a ƙofarsa.

Abin ya yi wa Auta ciwo ƙwarai, don ita ma zargin ya ɗan shige ta. Ta rubuta masa: "In da gangan kake yi, ka zubar mini da mutunci a gaban mahaifina. Kada ka sake zuwa."

Ya amsa: "Wallahi Auta, ina son ganinki fiye da komai, amma ban taɓa notin nan ba. Na ajiye motar, na faɗa wa mai gona ba zan hau ta ba sai ta gyaru."

Ta karanta ta ajiye wayar. Maƙaryaci ba ya ajiye abin da yake ci da shi, wannan ta sani. Tana cikin juye man birki a wata gora sai ta tsaya tana kallon ƙananan kumfa suna hawa sama ɗaya bayan ɗaya. Iska sama take hawa. To ita a ina take kwance notin nan duk tsawon lokacin?

Ba ta tunkari Baba kai tsaye ba, ta bi ta wajen Mama, wadda ta fi kowa sanin inda ake taɓa shi. Washegari Baba ya ce a janyo motar, amma a gabansa za a duba.

Aka ɗaga mota, aka cire tayoyin gaba. Auta ta nuna ƙarfen da ke damƙe faifan taya, wanda makanikai ke kira kalifa. Notin fitar da iskar yana ƙasa, alhali a sama ya kamata ya kasance. An ɗaura na dama a hagu, na hagu a dama. Ko shekara za a yi ana takawa, mai ne zai riƙa fita, iskar tana zaune a sama abinta.

Baba ya tambaya wa ya ɗaura su. Mai Ƙwai yana iya cewa wani bakanike ne can, ba wanda zai bincika. Sai ya durƙusa.

"Baba, ni ne. Tsofaffin sun lalace, na sayo waɗannan na ɗaura da kaina. Da na ga sun shiga, na zaci shi ke nan. Ban san suna da dama da hagu ba."

Kafin Baba ya buɗe baki Auta ta ce ita ma da laifinta. Hannunta ya sha kwance notin nan a ƙasa, kuma tun ranar farko ya kamata ta gani.

"Ina idonki yake?" in ji Baba.

Ta sunkuyar da kai. Idon yana nan, kunnen ne ya tafi wajen mai amsa "na riƙe" daga cikin mota, kuma kowa a garejin ya gane haka. Baba ya yi ta danne dariya har ta ƙwace masa. Dogo kuwa sai ya tuna yana da aiki a baya.

Auta ta mayar da kowane kalifa gefensa. Wannan karon Baba da kansa ya hau kujera yana takawa. Iskar ta fito da tsartuwa, birki ya tsaya ƙyam a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya sauko ya dubi Mai Ƙwai ya ce ya zarge shi da abin da bai yi ba, yana roƙon ya yafe masa. Rashin sani ana gyara shi, ƙarya ce ba shi da sufanarta.

"Ka turo manyanka. Sharaɗina ɗaya, kada ka ƙara taɓa motar nan da hannunka."

Kafin ya kai bakin titi saƙonta ya riske shi: "Mai Ƙwaina, ka ji dai abin da Baba ya ce. Tuƙi naka, gyara nawa."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Ranar da za ta bar gida Baba ya kasa dogon jawabi. Ya riƙe hannunta, hannun da shi ya koya wa aiki, idonsa ya cika da hawaye. Ya ce ya ba da ita da zuciya ɗaya, ga mutumin da ya faɗi gaskiya a lokacin da ƙarya ta fi sauƙi.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya kai ku duk inda za ku ya dawo da ku lafiya."

Duka ɗakin aka amsa da amin, muryar ango ta fi ta kowa ƙarfi.