Muryar da Ke Cikin Laya

Ranar da Firdausi ta fara ɗora ido a kan Kamalu, ni ne a tsakiyarsu, kuma ba don ni ba da har yau ba su san juna ba. Ni ne kakanta, Nasidi na Kurya Madaro, tsohuwar kuka da gatari ya gaji da sara. Ban taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, amma ba a haifi ɗan bokon da zai sayar da ni ba.

Da hantsi ne ta riƙo hannuna har shagon wani mai ɗaukar bidiyon biki, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaura. Yaron, Kamalu ke nan, ya ɗago kai daga kwamfuta zai amsa sallama, sai ya ɓuge da kallon Firdausi. Ita kuwa ta shiga gyaran hijabin da babu abin da ya same shi.

"Kai, wanga yaro," na ce, "matata kake kallo haka a gabana?"

"Tuba nake, Baba," ya ce yana dariya, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Rabu da shi," in ji Firdausi, kanta a ƙasa. "Tsoho ne, ga kishi ga babu haƙora."

Na zare layar da ke damtsena na aza masa a tebur. Ba rubutu ne a cikinta ba. Ɗana Nuhu, mahaifin Firdausi, ya taɓa sayen ƙaramar kyamara a kasuwar Shinkafi, wata shekara da gero ya yi albarka. Ya yi ta ɗaukar gida da mutanen gida, sannan ya cire ɗan katin da ke cikinta ya ce in ajiye masa. Ni kuwa abin da nake so ba na sa shi a akwati. Baduku na kai wa ya ɗinke shi a jar fata.

Da 'yan bindiga suka faɗo mana, a gona suka kashe Nuhu. Suka ƙone gidan da rumbunan da kyamarar. Ni na fito da surukata Asiya da yarinyar, harsashi ya bi ta gefen kunnena ya ji kunya ya wuce. Layar na damtsena har Kaura.

Ban yi niyyar buɗe ta ba har in mutu. Sai ran nan Firdausi ta ce da ni, "Kaka, na manta muryar Babana." Abin da ya kawo mu ke nan.

Kamalu ya yi bisimilla ya farke ɗinkin da reza, a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Ya sa katin a kwamfuta, muka zauna muna kallon wani koren layi yana rarrafe. Da ya cika, ya danna wani abu, sai rubutu mai ruwan ɗorawa ya yi ta zubowa kamar tururuwa.

"Mi ke nan?" na ce.

"Gargaɗi ne, Baba. Irin wagga kyamara in ta daɗe tana ɗauka, yanka bidiyon take yi gunduwa-gunduwa. Kuma sauti da hoto a tufke suke kamar igiya. Kafin in mayar da shi irin wanda waya ke buɗewa, sai na warware tufkar. To injin yana cewa a bakin yankan, lokacin sauti da na hoto sun saɓa. In na yi gaggawa, baki zai motsa yau, magana ta fito gobe."

"Ni za ka koya wa tufka? Tun ubanka bai yi kaciya ba nake tufka igiyar rama."

"To Kaka, ai ka san ba a yi mata gaggawa," in ji Firdausi.

Suka dubi juna suka yi murmushi. Ya ce a ba shi 'yan kwanaki. Ya kuma ce a ba shi lambar waya, wai don aikin. Aikin!

Saƙonnin da suka yi ta yi, bayan biki na sa ta karanta mini su kaf, don babu abin da ake ɓoye wa Nasidi. Na farkon ya ce:

"Salam Malama Firdausi. Gargaɗin farko ba na tsoro ba ne, injin ne kawai ke mita. Na biyun, na sauti da hoto, nake bi. Kin ci abinci?"

Ta mayar: "Mene ne haɗin cin abincina da bidiyo, Mai Kyamara?"

"Akwai haɗi. In ba ki ci ba, ni ma aikina tsayawa yake yi."

Kafin sati ya zagayo Malama ta faɗi, ta koma Fiddo, daga Fiddo ta koma Zumata. Ita kuma tana ce masa Idona. Da la'asar sai ka gan shi a ƙofar gidanmu da ledar lemo, wai ya zo ba da rahoton aiki. Rahoton kuwa ba ni ake ba.

"Fiddo, kin san tun da kika shigo shagon nan nake ɓata aikin mutane? Jiya amaryar wasu na manta da ita a kwamfuta har ta huce."

"To ka daina tunanina mana."

"Ki ce in daina numfashi, ya fi sauƙi."

Ina zaure ina jin su. Raina bai so ba. Mutumin da sana'arsa shiga cikin mata a gidan biki yana leƙa fuskokinsu ta madubi, shi zan ba jikata? Kuma akwai Abdulbasit, ɗan abokina na Shinkafi, mai motar kansa yana jigilar Shinkafi zuwa Kaura. Ya daɗe yana kawo gaisuwa, ita ce dai ba ta ko ɗaga labule.

Na kira Asiya na ce, "Wanga mai hoto bai yi mini ba."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, yaron yana da natsuwa. Mutanen Zurmi ne, an san gidansu."

"Natsuwa? Ga kati nan ya kasa buɗewa, sai zaƙin baki."

Abdulbasit na jin haka ya ce, "Haba Baba, wanga ai aikin shan shayi ne. A waya ma ana yin shi." Na tafi da ƙafata na karɓo katin. Kamalu ya bi ni har bakin titi yana cewa, "Baba, don Allah duk abin da wayar ta tambaya kada a danna." Ban waiwaya ba.

Aka taru a tsakar gida, har maƙwabta. Abdulbasit ya soka katin a wani ɗan abu ya haɗa da wayarsa, ya ɗauko gunduwa guda ya juya ta. Sai ga ni na fito a waya, da babbar rigata ta saƙi, a gindin rumbu, kyakkyawa kamar yadda aka san ni. Na buɗe baki zan yi magana, sai kukan akuya ya fito. Na rufe baki, sai ga muryata a kan hoton akuyar.

Tsakar gida ta kwashe da dariya. Wata tsohuwa har da faɗuwa. Muryar Nuhu kuwa ko tari ba mu ji ba.

Abdulbasit ya rikice, ya shiga danne-danne. Wayar ta yi masa wata tambaya da Turanci, ya danna. Da ya sake dubawa, katin wayam, kamar rumbu a bazara.

"Ba ni ba ne," ya ce, zufa na keto masa. "Tun farko wancan mai shagon ya lalata shi. Shi ya sa yake ta jan ku da kwanaki."

Firdausi ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ɗaki ta shiga ta rubuta:

"Kamalu, ka san katin ya mutu a hannunka ka yi ta kira na Zuma? Abu ɗaya Babana ya bar mini. Kada ka sake kira na."

Ta kashe wayar. Kwanaki ba ta ci abin kirki ba. Shi kuma ya yi ta zuwa ƙofar gida, na hana a yi masa iso. Ni kaina a kwanakin nan tuwo bai wuce mini da daɗi ba, amma namiji ba ya nunawa.

Ranar da ta kunna wayar don ta kira ƙawarta, saƙonsa ne ya fara shigowa:

"Zumata, ki yi fushi da ni amma ki karanta. Koren layin da kuka gani ranar farko kwafi nake yi. Ba na taɓa katin kowa sai na kwashe komai da komai na adana. Babanki na nan. Na haɗe gunduwoyin suka koma abu ɗaya, na raba sauti da hoto, na gyara lokacin, na sake tufke su. Gargaɗin ya ɗauke. Na ji muryarsa, Fiddo. Irin dariyarki yake yi."

Ta mayar da kalma biyu kacal: "Idona, taho."

Ta gaya wa uwarta, uwar ta zauna ta riƙe ƙirji. Ni ne kawai ba a gaya wa ba, don sun san in na ce ƙafar mutum ba za ta taka zaurena ba, to ba za ta taka ba.

Bayan la'asar ina zaure ina tufka igiyar akuya, sai na ji an yi sallama daga waje.

"Salamu alaikum. Baba, kana ciki? In shigo?"

"Wa alaikumus salamu, shigo mana Nuhu," na ce.

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Igiyar ta faɗi daga hannuna.

Kamalu ya shigo da kwamfutarsa a rungume, da 'yar lasifika a hannu, ya durƙusa nesa da ni. "Ka gafarce ni, Baba. Sautin kaɗai na saki. Ai ka ce a shigo."

Ashe ranar da Nuhu ya yi ɗaukar, da kyamarar a hannu ya yi sallama a zaurena na Kurya.

Aka shimfiɗa tabarma muka zauna. Ga gidanmu, ga dammunan gero jibge har sun fi katanga tsawo. Ga marigayiya Mero matata tana sheƙa, tana korar kaji. Ga ni, wannan karon da muryata a bakina, akuya da tata a nata. Nuhu yana bayan kyamara, ba a ganin shi, sai muryarsa yana tsokanar kowa.

"Nan ne bakin yankan," in ji Kamalu a hankali. "Nan gargaɗin yake ta nunawa. In an juya gunduwa ɗai-ɗai, wurin nan tsinkewa yake yi."

Sai hoton ya girgiza, kyamarar ta juyo. Fuskar Nuhu ta cika allon, da 'yar yarinya a wuyansa ta cafke masa kunnuwa.

"Ku ga tantabarata," ya ce yana dariya. "Firdausi, gai da mutanen gobe. Ce musu muna lafiya."

Yarinyar ta ce, "Muna lafiya!"

Asiya ta rufe fuska da mayafi. Firdausi ta kai yatsa ta taɓa allon tana cewa, "Baba, Baba," tana kuka tana dariya. Ni kuwa hayaƙin murhu ne ya shigar mini ido, kowa ya san gidanmu da hayaƙi.

"A sake," na ce. Aka sake. Sai da aka kira magariba muka tashi.

Da Kamalu zai tafi na ce, "Kai, ɗan ƙwace. Ka gaya wa manyanka na Zurmi ina gida ranar Juma'a. Matar tawa na sakar maka, dama ta cika tsiwa."

"Kaka!" in ji Firdausi daga bayan labule, muryarta kamar ta tashi sama.

Mutane suna cewa wai na sauko ne. Ƙarya suke yi. Gwada yaron nake yi tun farko, don ba a sanin ƙarfin igiya sai an ja ta. Wa ya ɗinke katin a laya? Wa ya fito da shi ta cikin wuta? Wa ya kai ta shagon? To.

Bayan an yi girbi aka ɗaura auren a ƙofar gidana, ni ne waliyyi. Mutanen Zurmi suka cika unguwa, na Kurya da ke warwatse suka zo har daga Ɗan Isa, don an ce za a nuna musu garinsu. Abdulbasit ma, ɗan halak ne, ya zo ya ba da haƙuri, kuma a motarsa aka kai kayan ɗakin amarya. Ango bai riƙe kyamara ba ranar, ya kafa ta a kan ƙafafunta ta yi ta ɗauka.

Da za a tafi da amarya suka durƙusa a gabana. Kamalu ya miƙo mini sabuwar laya ta jar fata.

"Baba, kati biyu ne a ciki. Na Kurya da na yau. Akwai kwafi a wurina, akwai a wurin Inna Asiya."

Na ɗaura ta a damtsena, inda tsohuwar ta bar mini shaida. Na dafa kawunansu na ce Allah ya tufke su tufkar da ba ta warwarewa, ya ba su zuriya mai albarka, ya jiƙan Nuhu da Mero, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Jama'a suka ce amin.

Firdausi ta ɗago da jajayen idanu tana murmushi. "Kaka, in mun samu namiji ka san sunansa."

"Na sani," na ce. "Ku kawo shi ya yi mini sallama da bakinsa. Zan amsa."