Man Kaɗe a Ƙafar Lori

Da hantsin Asabar, a shekarar da ake jan hanyar jirgi zuwa Gusau, masu itace suka iske lorin Malam Rabi'u kife cikin kwazazzabo kusa da Tsafe. Ƙafar gaba ta hagu ta cire ta yi nata wuri. Direba Jatau yana ƙarƙashin buhunan auduga, rai ya yi halinsa.

Kafin la'asar an buga wa Labbo makaniki marin ƙarfe a ƙafa a Gusau. Shi ya canza boris na ƙafafun gaba ran Talata, wato zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye da ƙafa ke juyawa a kansa. Da aka duba ƙafar da ta cire, sai ga tsohon boris ya ƙone ƙurmus. Rabi'u ya cika gari da kururuwa, wai Labbo ya sace sababbin da aka kawo daga Kano, ya mayar da tsofaffi, ya kashe masa direba. Aka yanke ran Alhamis za a tasa ƙeyarsa zuwa Sakkwato, kuma wanda aka kai can da laifin jini ba a cika sake ganinsa ba. Abin takaici, ko mutum ɗaya bai ce a tsaya a duba ba. Mai dukiya ya faɗa, shi ke nan.

Saje Mas'udu na 'yan doka kaɗai abin ya tsaya wa a wuya. Ya tuƙa motar soja a yaƙin Kamaru, ga shi da zuciya a kusa. Ya shiga wurin Labbo ya tambaye shi yadda yake ɗaure notin ƙafa.

"In ɗaure har shi kama, sannan in sassauta kaɗan, ƙafa ta samu numfashi. In ba haka ba wuta za ta ɗauka."

"Tsofaffin fa?"

"Nan na bar su gidan Malam Rabi'u a Bunguɗu, inda niy yi aikin. Giris kau yana akwatina, a kulle."

Washegari Mas'udu ya hau doki har inda lorin ya faɗi. Duk masu surutun nan ba wanda ya taɓa ƙafar dama. Ya sa sifana, noti ya ce bai san zancen ba, sai da ya hau kanta da ƙafa biyu sannan ya motsa. A ciki tsohon boris ne, kiyashi sun yi masa baƙi. Ya dangwala ya shinshina. Man kaɗe! Ya yi tsaki har dokin ya zabura.

A Tsafe wasu marasa kunya na raɗa cewa Jatau ne ya sayar da sababbin. Mas'udu ya fatattake su: wane mahaukaci zai san ƙafa ruɓaɓɓiya ce ya loda mata auduga ya hau? Sai aka nuna masa Umaru mai jakai, wanda lori ya ƙwace wa dako, ya kuma sha cewa a bainar jama'a a rami zai ƙare. Biri ya yi kama da mutum, don masu jakai ne ke yawo da man kaɗe saboda gyambon dabbobinsu. Umaru bai musa zagin ba, ya ma ƙara wani. Amma Mas'udu ya sallame shi. Mai son lori ya faɗi sassauta noti zai yi ya wuce. Wanda ya ɗaure wannan har da shafa mai, so yake ya isa lafiya.

Ran Talata ya ɗora Labbo a jaki da marinsa, suka nufi Bunguɗu. Rabi'u na zaure yana karɓar gaisuwar Jatau, har da matse ido. A ƙofar gida ga kututture huɗu, inda ɗaya lorinsa ya yi wata biyu a ɗage don borisinsa ya farfashe. Yau babu shi.

Mas'udu ya tambayi inda yake. Rabi'u ya ce ɗansa Sule ya fita da shi ɗazu zuwa Nahuce lodin auduga, daga nan sai Tsafe.

"Da wane boris?"

Rabi'u ya miƙe yana kumfar baki, shi za a tuhuma a gidansa? Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta.

"Zauna, Malam," in ji Mas'udu. "Shekara ashirin kana fatauci da jakai kafin ka sayi mota. Ran Juma'a lorin Jatau ya wuni a gidan nan. Ka ga yadda Labbo ke yi, ka ce mi a ciki. Ka cire sababbi ka sa wa na ɗanka, ka mayar wa Jatau tsofaffi, don duka biyun su yi maka kakar auduga. Ba ka da giris, ka shafa abin da kake shafa wa jaki. Noti kuma ka tamke shi kamar kayan gishiri, don a wurinku kaya ba ya yawan ɗauri."

"Ƙarya kake. Ina shaidarka?"

"Ba ni da ita. Amma Labbo, gaya masa, sabon boris in an tamke shi haka da man kaɗe, zango nawa zai yi da lodi?"

"Sabo da tsoho duk ɗaya ne," in ji Labbo. "Ba shi kai Tsafe."

Duk kwanakin nan Rabi'u ya ɗauka tsufan boris ne ya kashe Jatau. Rawaninsa ya kwance bai sani ba. Sai ga attajirin Bunguɗu a durƙushe gaban mutumin da ya sa aka ɗaure, yana cewa shi ne, wallahi shi ne, da hannunsa ya yi duka ƙafafu huɗun, a taimaka a tsayar da Sule.

Aka kira maƙeri ya sare marin. Labbo ya karɓi sifana, ya hau dokin Rabi'u ba tare da ya dube shi ba. Ya tarar da Sule a Nahuce ana ɗaure buhu na ƙarshe.

Ran Alhamis an tafi Sakkwato kamar yadda aka yanke. Sule ya roƙi a bar shi ya kai ubansa a mota, Mas'udu ya ce a ƙasa zai tafi.