Lambun Bikin Femke

"Joris, ka mayar musu da kayansu!"

Femke na tsaye a bakin ƙofar lambu, hannu a ƙugu, tana hararar tiren furannin da ya ɗauro a bayan kekensa.

"Haba Femke, 'yan furanni ne fa..."

"'Yan furanni masu tsadar tsiya! Mun yi magana ko ba mu yi ba? Duk abin da za mu iya shukawa da hannunmu, ba za mu saya ba."

"Na ji, shugabar marowata."

"Marowaciyar ce za ta kai ka Kanada da ɗan canji a aljihu."

Ya yi dariya, ya jingine keken, ya sumbaci goshinta. Duk da haka sai da ta sa ya mayar da furannin.

Watan Maris ne, sanyi bai gama sakin gari ba. Lambun bayan gidan su Femke kuwa abin tausayi ne. Tun rasuwar Mama babu wanda ya ƙara taɓa shi. Ciyawa ta cinye hanya, shinge ya karkace, bencin da Mama ke zama ya yi kore shar da gansakuka. Papa ko leƙa wurin ba ya yi, sai dai ya tsaya ta tagar kicin da kofinsa a hannu.

A wannan kangon Femke ta ce za a yi bikinsu cikin Yuli. Ita a gidan burodi take aiki, shi kuma tatsar shanu yake yi a gonar wasu, kuɗin kama zauren biki ya fi ƙarfinsu. Bayan biki kuma za su wuce Kanada, inda Bram, yayan Joris, ya kira shi su haɗa hannu a gonarsa.

Suka duƙufa. Joris ya kwaso tsofaffin katakai da aka yasar, ya haɗa akwatunan shuka. Taki kyauta yake samowa a wurin aiki, ya turo shi a baro, Femke na toshe hanci tana cewa, "Wannan ne turaren angon?"

"Shi ne. Ki fara sabawa tun yanzu."

Ta cika tagogin gidan da kwalayen ƙwai, kowane rami da irinsa: tumatir, latas, wake, furannin rana. Tante Riek, ƙanwar Mama, ta tsaga mata saiwoyi daga nata lambun, ta haɗa mata da reshen wardi. Ranar Sarki, ranar hutun da kowa ke baje tsofaffin kayansa a titi, suka zaga kasuwar, suka dawo da tukwane masu ɓallallen baki da fitilun ratayewa. Ragowar shuɗin fenti da suka tsinta a rumfa ya isa benci da rabin shinge. Ɗaya rabin suka bar wa wake ya rufe.

Femke ba ta taɓa jin daɗi irin na waɗannan makonni ba. Da yamma sukan zauna a kan bokiti, jiki duk ƙasa, suna cin burodi da cuku.

"Nan za ki tsaya ranar biki," Joris kan ce. "Ni kuma can, ina rawar jiki."

"Kai da ba ka tsoron bijimi?"

"Bijimi bai taɓa kallona yadda kike kallona ba, zuciyata."

Abu ɗaya ne yake ɗan damunta, shi ma ture shi take yi gefe. Papa ya soma wasu 'yan abubuwa. Ta tsinci makullansa a cikin firij. Sau da yawa ya kira ta Wilma, sunan Mama. Ta ce tsufa ne da kewa.

Wata rana cikin Mayu ta dawo daga aiki, ta tarar da shuke-shuken tumatir ɗinta duka a cikin kwandon shara, an tuge su daga kwalayen.

"Papa! Me ya faru?"

"Ciyawa ce ta fito a taga, na cire miki," ya ce, yana murmushi kamar mai jiran godiya.

Ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta sake shuka wasu.

Ba a yi mako ba, Papa ya hau keke zai je sayen madara, bai dawo ba. Sai da la'asar 'yan sanda suka kawo shi. A hanyar garin Zwolle suka same shi zaune a bakin titi, hanyar da ya shekara da shekaru yana tuƙa bas a kanta. Ya kasa gane inda gida yake.

Likita ba ta ɓoye musu komai ba. Ciwon mantuwa ne, kuma gaba zai riƙa yi, ba baya ba.

Da yammacin ranar Joris ya same ta a durƙushe tana tsince dodon koɗi daga jikin latas. Ya tsaya a gefenta ya ce:

"Na tambaya... akwai gidan kula da tsofaffi mai kyau a bayan coci. Tante Riek za ta riƙa leƙa shi. Mu kuma duk Kirsimeti za mu zo."

Ba ta ɗago ba. "Kirsimeti."

"Femke, ki saurare ni..."

"Jiya da ya tsorata, ni kaɗai ya bari na taɓa shi! Ni kaɗai, Joris! In tafi in dawo ya tambaye ni wace ce ni?"

"Ko kina nan ranar za ta zo."

Ta miƙe a fusace. "To ta zo ina nan!"

Ya runtse ido. "Yi haƙuri. Ban so na faɗi haka ba."

"Ka zauna mana," ta ce, muryarta ta karye. "Ka zauna, masoyina. Mu yi bikinmu, mu zauna a nan gidan. Ga ɗakuna, ga lambu..."

"In ci gaba da tatsar shanun wasu har in tsufa?" Idanunsa suka kawo ruwa. "Ina yaro na tsaya ina kallo aka loda shanun babana a mota, an sayar da su kaf. Tun ranar nake jiran wannan damar. Bram ya ƙaro shanu saboda ni, na riga na ajiye aiki. Idan na ce na fasa, na kayar da shi."

"Ni kuma in kayar da Papa."

Can ya ce a hankali, "To in tafi, ki biyo ni daga baya. Zan jira."

"Har yaushe?"

Ya kau da kai, ita kuwa ta matso gabansa.

"Faɗi mana! Har ya mutu, ko? So kake in zauna ina ba shi abinci a baki, zuciyata na tambayar yaushe zai tafi in huta? Ba zan iya ba, Joris... Zan tsani kaina, daga baya in tsane ka."

Ya rungume ta, suka yi ta kuka a tsakiyar latas, babu mai rarrashin wani.

Tante Riek ta yi iya ƙoƙarinta. "Yarinya, uwarki da tana raye da kanta za ta haɗa miki akwati. Ki tafi! Ni ina nan."

"Tante, ke da ƙyar kike hawa bene. Wa zai ɗaga shi idan ya faɗi?"

"Kuruciyarki fa? Ba a sayar da ita a kasuwa."

"Na sani," Femke ta ce. "Na sani, Tante."

Joris bai daina zuwa ba. Ya ƙarasa kafa sandunan wake, ya gyara gangar tara ruwan sama, ya sa ƙarfen dafawa a matakalar da ke sauka lambu saboda Papa. Ba sa maganar biki, ba sa maganar Kanada. Kowannensu yana jiran ɗayan ya sauko, har ranar tafiya ta zo. Tun da babu biki, Bram ya ce ya taho cikin Yuni.

A tashar jirgin ƙasa ta zare zoben alkawarinsu ta sa masa a tafin hannu. Ya ƙi rufe hannun.

"Riƙe shi, Femke. Don Allah."

"Idan na riƙe, kai ma na riƙe ka ke nan. Je ka yi rayuwarka."

"Ke ce rayuwar ai..."

"Kada ka faɗi haka, jirgi zai tafi ya bar ka, kuma ba zan ce maka ka bi shi ba."

Ya shiga. Ta tsaya har jirgin ya ɓace, sannan ta tura kekenta da ƙafa har gida, don hawaye ba su bar ta ta ga hanya ba.

Lambu kuwa bai san an fasa komai ba. Yuli na kamawa ya buɗe gaba ɗaya. Wake ya lulluɓe shinge, furannin rana suka fi Femke tsawo, tumatir ɗin da ta sake shukawa suka fara ja. Har ɗan reshen wardin Tante Riek ya fitar da fure guda.

Ranar Asabar ɗin da aka sa za a yi bikin, rana ta fito tas. Femke na ban ruwa sai ta ji motsi a bayanta. Ta waiga, ta saki butar.

Papa ne, yana saukowa a hankali, yana dafe da ƙarfen matakala. Karo na farko ke nan tun da aka binne Mama.

Ta riƙo hannunsa ta zaunar da shi a benci. Ya daɗe yana kallon ko'ina, bakinsa a ɗan buɗe.

"Femke," ya ce.

Ya kwana biyu bai kira sunanta daidai ba.

"Na'am, Papa."

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni da Joris."

"Kai, kun iya! Wurin nan sai ka ce na biki." Ya waiga hagu da dama. "Ina shi Joris ɗin?"

"Yana wurin shanu, Papa."

"Yaron kirki ne. Hannunsa na da albarka." Ya kama yatsunta ya matse, yana kallonta da idanun nan nasa na da, masu hankali. "Ki aure shi, yarinyata. Kin ji? Kada ki tsaya ɓata lokacinki a kaina, ni tsoho ne. Irinsa ba a bari ya wuce."

"To, Papa."

"Kin yi alkawari?"

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa don kada ya ga fuskarta. Hawaye suka jiƙa masa riga, shi kuwa yana ta shafa gashinta, yana bin wani malam buɗe littafi da kallo har ya tsallake shinge.

Can ya gyara zama, ya sake duban lambun da mamaki, kamar yanzu ya fito.

"Kai, wurin nan ya yi kyau! Wa ya yi wannan aikin?"

Femke ta ɗago, ta share idonta da bayan hannu, ta yi masa murmushi.

"Ni da Joris, Papa."