Takardar da Malam Ya Manta

Auta tana guga a bakin taga, amma idonta na kan allon shagon telan da ke tsallaken titi. Mai Fenti ne ya rubuta shi. Haruffan kamar suna iyo cikin hasken yamma, ta bi su har ta hango kanta a wani ɗaki mai ƙamshin sabon fenti, labule na kaɗawa, shi yana wanke buroshi yana kiran sunanta.

"Sauko ƙasa, za ki ƙona mini riga," in ji Malam, mahaifinta. "Kuma na gama magana. Yaron da na kama da kwalbar kodin a bayan aji ba zai zama surukina ba."

"Baba, shekara tara fa ke nan."

"Ko tara ce sau tara."

Hawayenta ya ɗiga kan rigar, ta bi shi da guga.

Wata biyar tana haƙuri. Mai Fenti bai aiko kowa roƙo ba, sai ranar nan ya ba Inna, mahaifiyarta, wata tsohuwar takarda da ninki ya kusa cinyewa.

A makarantarsu Malam ne ya kawo tsarin nan: duk ɗalibin da aka kama da ƙwaya ko kwalba, ba bulala. Sai a rubuta masa abin kirkin da aka gani a tare da shi, a damƙa masa wani aiki. Shi Mai Fenti allon sanarwa aka ba shi, saboda kyan rubutunsa.

Inna ta ajiye takardar kusa da kofin Malam.

"Karanta mini, idona ya tsufa."

Ya gyara tabarau. "Wannan yaro hannunsa na da albarka. Duk abin da aka ba shi amana zai riƙe..."

"Rubutun wa?" in ji Inna.

"Nawa."

"Da ita ya yar da kwalba, a aljihunsa take kwana. To gaya mini, Malam, ƙarya ka yi wa ɗan mutane, ko kuwa gaskiyarka ba ta ƙetare ƙofar makaranta?"

Malam ya daɗe yana kallon allon telan nan.

"Auta, ki ce ya turo manyansa. Ya zo da buroshinsa ma, ƙofar nan ta koɗe."

Ku masu tarbiyya, in kun ce wa yaro shi mutum ne, ku shirya: wata rana zai yarda, ya dawo neman abin da ake ba mutane.