Baba Nomau a Cikin Rumbu

A wani ƙauye can da, an yi wani tsoho wai shi Baba Nomau, yana zaune shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Kullum maƙwabcinsa Jatau yakan leƙo ta wata kafa a jikin danga ya ce, "Baba, in ɗebo maka gero?" Shi kuwa sai ya ce, "Da sauran ƙarfina." Da leƙen ya ishe shi, sai ya sa ƙaya ya toshe kafar.

Ran nan da hantsi, a tsakiyar damina, ya jingina tsani ya hau rumbu, ya dira ciki yadda ya saba. Ya manta gero ya ja ƙasa, sai ƙafarsa ta gurɗe. Ya miƙa hannu, bakin rumbu ya yi masa nisa.

Yana jin Jatau yana faskare a bayan danga. Ya buɗe baki zai kira shi, kunya ta hana. Ya ce a ransa, "Da sauran ƙarfina." Azahar ta wuce, ƙishirwa ta kama shi. La'asar ta yi, hadari ya haɗo, ga rumbu a buɗe, ga ɗan geron da ya rage masa.

Sai ya ɗaga murya ya ce, "Jatau, zo ka fitar da ni."

Jatau ya kewayo ta ƙofar gida da gudu, ya fito da shi a goye, ya rufe rumbu.

Washegari Baba Nomau ya dogara sanda har gindin danga, ya zauna yana cire ƙayar nan ɗaya bayan ɗaya da hannunsa.